Littafin da Ba Shi da Tabo

A unguwarmu ta Be, cikin Lome, da wuya ka samu wanda ya zauna bak, jarrabawar fita sakandare, bai taɓa riƙe rubutun 'yar uwata Akwele a hannunsa ba. Mai injin kwafi na bakin makaranta da littattafanta ya yi wa shagonsa rufin kwano. Waɗanda suka karanta kwafin sun ci, sun wuce jami'a, ɗaya ma yanzu yana sanye da kaki yana tare babura a mararraba. Ita kuwa mai rubutun, kafin shekarar da zan ba ku labarinta, ta riga ta zauna sau biyu, ta faɗi sau biyu. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Da ita kaɗai abin ya shafa, da na taya ta kuka, na share hawayena, na kama gabana. To amma mu 'yan biyu ne, ni ce Akoko, kuma a gidanmu ba a yi wa ɗaya abin da ba a yi wa ɗayar ba. Muna ƙanana wani kawunmu ya dawo daga Akara da jan takalmi, ni kaɗai ya yi wa daidai. Na sa, na yi ta taku a tsakar gida. Kafin mako ya zagayo Akwele ta kwanta, jiki kamar garwashi, har mata suka fara raɗa cewa za ta tafi daji neman itace, don mu ba ma cewa ɗan biyu ya mutu. Papa ya ɗauki takalmin ya wurga shi cikin teku. Washegari ta tashi ta nemi koko. Tun daga ranar, ko ƙwayar gyaɗa ce sai an raba mana ita biyu.

Saboda haka da na ci bak a zaman farko, ita ta faɗi, Papa bai ko ɗaga murya ba.

"Ki jira 'yar uwarki," ya ce, sai ka ce coci za mu ta tsaya ɗaura kallabi.

Na jira shekara guda. Ta sake faɗuwa. A cikin shekara ta biyu na lallaɓa na zauna jarrabawar shiga wata makarantar ungozoma a Kara, can arewa. Mahaifiyarmu, Dada, ita kaɗai ta sani. Na kuwa samu. Na kira shugabar makarantar a waya na gaya mata halin da nake ciki. Ta yi dariya, sannan ta ji ba wasa nake ba, ta ce za ta riƙe mini gurbin zuwa ranar buɗe makaranta ta gaba. In na wuce haka, akwai masu jira.

Kafin nan Papa ya sama mini abin yi, wai don kada in lalace da zama. Ya fasa bangon ɗakin gaba ya yi ɗan shago mai taga da sandunan ƙarfe. A nan nake wuni ina miƙa ashana, sabulu, kifin gwangwani da littattafan rubutu ta tsakanin ƙarafa. 'Yan ajinmu kan wuce a bayan babur, su ɗaga mini hannu, ni ma in ɗaga, in yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Kada wani ya tambaye ni me ya hana in shiga ɗakin jarrabawar in rubuta mata. Na yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba. Sai dai ita doguwa ce siririya, ni gajera mai kumatu. Allah bai bar mana ko wannan ƙofar ba.

Tsarin rubutun da ya ɗaukaka Akwele ba nata ba ne. Malaminmu na labarin ƙasa, Misye Agbeko, shi ya koya mana a ajin ƙarshe. Har yau ina jin muryarsa, yana buga allo da alli.

"Ku ja layi daga sama har ƙasa, ku bar siririn fili a hagu, babba a dama. Ku ja wani layin a gindin shafi. Dama ta darasi ce. Hagu ta tambaya ce, duk abin da kuka rubuta a dama ku ƙirƙiro masa tambaya a hagu. A gindi kuwa ku taƙaita darasin da bakinku, kamar kuna gaya wa kakarku. Kun gane? To duk wannan ba karatu ba ne, shimfiɗa ce. Karatun shi ne ka yanko kwali ka rufe gefen dama. Ka karanta tambaya, ka amsa da ƙarfi. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi yana so ya ɗaga kwalin. Kada ka ɗaga sai ka gama faɗin abin da ke kanka. In ka kuskure, ka yi gicciye a gefen tambayar, gobe ka fara da masu gicciye. Littafin da ba shi da tabo, mai shi bai karanta shi ba."

Ni rubutuna kamar kaji sun yi faɗa a kan yashi, don haka na karɓi kwafin na Akwele na yi yadda ya ce. Kafin jarrabawa takarduna sun sha manja, sun sha gicciye, ko ƙosai ba za a yarda a naɗe da su ba. Da su na ci.

Akwele kuwa rabin maganar ta ɗauka. Ba zan ce laifinta ne duka ba. A makarantunmu tun daga ajin farko tsabtar littafi ibada ce. Darasi da shuɗin biro, kan magana da ja, a ja masa layi da rula, in tawada ta ɗiga ka haɗa yatsu a buga maka rular a kansu. Akwele ba ta taɓa haɗa yatsu ba. In sufeto ya zo duba makaranta, littafinta ake ɗagawa sama a nuna masa. A nan ne kaɗai ta taɓa zuwa ta ɗaya, kuma mutum ba ya manta wurin da aka taɓa tafa masa. Yanzu a ce mata ta ɗauki biro da hannunta ta ɓata shafi? Ai sai ta ja layuka, ta rubuta darasi, ta jera tambayoyi, ta yi taƙaitawa, in harafi ɗaya ya karkace ta sake shafin daga farko. In ta gama littafi sai ta ga na baya bai kai wannan kyau ba, ta koma ta kwafe shi.

"Kawo in yi miki tambaya," nakan ce mata ta ƙofar shago.

"Bari in ƙarasa wannan babin tukuna."

Babin nan bai taɓa ƙarewa ba. Papa kuwa in ya gan ta duƙe a kan tebur a gindin mangwaro, sai ya hana kowa tari. "Ku yi a hankali, yarinya tana karatu." In baƙo ya zo, kafin a ba shi ruwa an ɗauko masa littafin ya gani. Baƙo ya yi ta jinjina kai yana cewa ai wannan injin ne ya buga. Ni kuwa in ji kamar in kurma ihu.

Da jarrabawa ta uku ta matso, na ga in na biye wa babi zan tsufa a bayan ƙarfe. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ko gorar ba a sare ba. Wata rana da la'asar na yanko kwali daga katan ɗin kifin gwangwani, na fito, na zare littafin daga ƙarƙashin hannunta.

"Akoko, hannunki da mai!"

"Na wanke. Zauna." Na rufe gefen dama, na karanta tambayar farko da idona ya faɗa wa. "Me ya sa gaɓar tekunmu ba ta samun ruwan sama kamar ta maƙwabta?"

Ta buɗe baki. Ta rufe. Tambayarta ce fa, da hannunta ta rubuta, ta kuma kwafe amsar ba adadi.

"Bayanin yana can sama," ta ce. "Kusa da 'yar taswirar. Na rubuta kan maganar da ja."

"Ban tambaye ki inda yake zaune ba, sai ka ce zan kai masa ziyara. Me ya ce?"

"Layi huɗu ne. Na ƙarshen ya fi gajarta."

"Akwele, me ya ce?"

Ta miƙo hannu za ta ɗaga kwalin, na buge hannun. Na jira. Gumi ya tsattsafo mata a saman leɓe, idanunta suka ciko. Sai na ɗauki jan bironta na yi gicciye a gefen tambayar, babba, har biron ya kusa huda takarda.

Ban taɓa jin ta yi irin wannan ƙara ba. Dada ta fito daga kicin da muciya a hannu tana tambayar wa ya mutu. Akwele ta fizge littafin ta rungume shi ta shige ɗaki. Ni kuwa na koma shagona ina huci, ina ce wa kaina gobe sai mun yi shafi goma, ko ta so ko ta ƙi.

Gobe ta zo, Akwele ba ta tashi ba. Jikinta zafi rau, haƙora suna haɗuwa, tana sambatu. Damina ce, sauro ya cika gari, kowane gida akwai mai kwance. Na faɗi haka da bakina. Amma da na taɓa goshinta, jan takalmin nan na gani.

Kafin azahar yayar Papa, wadda muke kira Tasi, ta sauka daga babur da ƙullin wake a ka. Tasi ba ta shiga gida da sallama, da hukunci take shiga.

"Ina mai ilimin? Ke! An ce kin zama sufeto, ko? Kin ci bak, sai ki ci 'yar uwarki?"

"Tasi, tambaya kawai na yi mata."

"Tambaya! Uwarki ta taɓa tambayarki me ya sa kika zo duniya da rakiya? Baban 'yan biyu, kai ma kana zaune ana raba maka 'ya'ya da biro."

Ta dafa waken da manja kamar yadda ake yi in an ɓata wa 'yan biyu rai. Aka tada Akwele zaune, aka ajiye mana kwano ɗaya, aka ce mu ci. Ta ci loma ɗaya, na ci ɗaya, hawayena suna sauka cikin manjan. Dada kuma ta bi ta bayan gida ta sayo maganin zazzaɓi a kemis, don ita ba ta zuba ƙwanta duka a kwando ɗaya. Wanne ne ya yi aiki, oho. Bayan 'yan kwanaki Akwele ta miƙe.

Papa ya kira ni gefe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Akoko, ni ban yi makaranta mai zurfi ba. Amma na taɓa ɗaukar yarinyar nan a hannuna ba nauyi, kamar tsumma. Ba zan sake ba. Kada ki ƙara taɓa mata littafi."

Me Akwele ta yi da sauran kwanakin da suka rage? Littafin nan mai ɗinki ne, in ka yage shafi ɗaya na bayansa zai biyo shi. Don haka ta sayi sabo ta kwafe shi kaf, daga bango zuwa bango, saboda gicciye ɗaya. Ina kallonta ta ƙofar shago.

Ranar sakamako muka tafi tare, cikin atamfa iri ɗaya, kamar kullum. A filin makaranta wani mutum ya hau tebur da lasifika yana kiran sunayen waɗanda suka ci. Aka yi ta ihu, ana faɗuwa ƙasa don murna. Wata yarinya kusa da mu ta ji sunanta, ta yi tsalle, ta ga Akwele, ta rungume ta tana cewa, "Da rubutunki na ci, Allah ya saka miki!" Akwele ta ce amin. Mutumin ya naɗe takardarsa ya sauko.

A gida Papa ya kalli ƙasa ya ce, "Baɗi."

Kalma ɗaya, ta tafi da Kara, ta tafi da farin kayan ungozoma da na riga na ɗinka a raina. Na shiga shago na tura sakata.

Washegari da hantsi sai ga Akwele ta zagayo ta titi, ta tsaya a gaban tagar kamar mai sayayya.

"Ba ni manyan littattafai. Da jan biro."

"Na me?"

"Na baɗi mana. Gara in fara jan layi da wuri."

Nan fa abin da na daɗe ina haɗiyewa ya taso.

"Ke ba ki da kunya? Ba ki da tausayi? Kin mayar da ni tsohuwa mai sayar da ashana a keji, ke kina gindin mangwaro kina zane! Ai ba karatu kike ba, zane kike! Ki je ki kama sana'ar rubuta allon shaguna mana, ki sake ni in tafi!"

Wata mata da ta zo sayen sabulu ta juya ta fasa. Akwele ta bari na yi shiru don kaina.

"Kin gama?" ta ce. "Kin ɗauka ban sani ba? Na san ba karatu nake ba. Muddin ina rubutu, ban faɗi ba tukuna. Ranar da na rufe gefen dama, a ranar nake faɗuwa, ba sai an hau tebur da lasifika ba. Tsoro nake ji, Akoko. To ni na faɗi nawa. Ke fa?"

"Ni me?"

"Sakatar ƙofar nan, ta wane gefe take?"

Na waiwaya kamar wawiya. Tana ta ciki, inda na tura ta da hannuna.

"Papa ya ce ki jira," ta ci gaba. "Ɗaure ki ya yi? Kullum kina gunaguni, wai camfi ne, takalmi ba ya kashe mutum. Amma ranar da na kwanta, wa ya zauna a kaina yana kuka yana roƙon gafara? Ai kin fi Papa yarda da abin. Kina ta ce mini in rufe in ga ko na sani. Ke kin taɓa tafiya ki ga ko zan mutu?"

Na san inda amsar take zaune, amma ban san me ta ce ba. Na miƙa mata littattafan ta tsakanin ƙarafa.

Da lokacin buɗe makaranta ya yi, na durƙusa gaban Papa na gaya masa maganar Kara, na ce zan tafi. Ya dube ni, ya dubi Akwele da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Ban sa ki ba," ya ce. "Abin da ya biyo baya, kin san hanyar gida."

Dada ta ƙulla mini gari da soyayyen kifi da yaji, tana share ido da gefen zane. Akwele ce ta ɗaukar mini jaka har tasha. Ranar ce ta farko a rayuwarmu da muka fita da tufafi daban, mutanen unguwa suka yi ta bin mu da kallo.

Kara gari ne mai duwatsu, ruwa kuma ake ta yi. Na sami ɗaki, na ga makarantar, aka ce ranar Litinin da safe za a rubuta sunayen sababbi, wadda ba ta nan a ba wata. Ranar Lahadi bayan coci na je rumfar mai waya da ke kallon tasha, na kira gida.

Papa ne ya ɗauka. Bai amsa gaisuwata ba.

"Tana kwance," ya ce. "Tun jiya."

Na dafa teburin mai waya. A tsallaken titi yaron mota yana dukan jikin bas yana ihu, "Lome! Lome! Saura mutum ɗaya!" Na ji hayaniya a cikin wayar, muryar Tasi, muryar Dada, sannan numfashin da na sani tun kafin a haife mu.

"Akoko." Haƙoranta suna haɗuwa. "Sauro ne. Rabin Be yana kwance, har mai injin kwafi."

"Ga mota nan tana lodi. Gobe da safe ina gida."

"Ji nan tukuna, sarkin gaggawa. Shekaranjiya na yanko kwali."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Shafi ɗaya na yi kafin jikin ya kama ni. In kin ga gefen hagu, sai ki ce makabarta, gicciye har gindi. Ban kwafe shi ba. Yana nan ƙarƙashin matashina da dattinsa." Ta yi tari, ta daɗe tana yi. A bayanta ina jin Papa yana cewa a gaya mata ta hau mota. "Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, Akoko, kamar zan mutu. Ban ɗaga ba. Ke ma kada ki ɗaga."

Wayar ta katse.

Ban san ko sauro ba ne. Ita ma ba ta sani ba, duk bakinta. Na tsaya a bakin rumfar cike da tsoro. Yaron motar ya hango ni, ya yafito ni da hannu. "Tanti, Lome? Wuri ɗaya!" Na kalle shi, ya kalle ni. Can wata mata ta zo da kwandon zabi a ka, ya karɓa ya ɗora a saman mota, ya tura ta ciki, ya ja ƙofa.

Ina tsaye bas ɗin ya fita daga tasha ya miƙi hanyar kudu, na bi shi da ido har ya sha kwana. Sannan na juya na nufi ɗakina cikin yayyafi, ina kuka a fili ba kunya, na cusa hannuwana biyu a hammata, don ƙaiƙayi suke yi.